Darasin Murjanin Teku ga Rumbunan Gwaram

A wannan mako zan ɗauke mu zuwa ƙarƙashin teku, inda mafi yawanmu ba mu taɓa leƙawa ba, domin wani abu na faruwa a can wanda ya shafi abin da manomin Gwaram da na Birnin Kudu ke ajiyewa a rumbu don shukar baɗi.

Bahaushe ya daɗe da sanin murjani. Ya san shi a wuyan amarya, ya kuma sanya wa 'yarsa suna Murjanatu. Jan murjanin ado daga Bahar Rum ayari ke kawo shi ta Sahara. Alhazanmu na dā da suka taka ƙasa ta Sudan, suka tsallaka Bahar Maliya daga Suwakin zuwa Jidda, sun ga gidajen da aka gina da dutsen murjani a garuruwan biyu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne murjani dabba ce mai rai. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu taushin jiki da ke zaune dubbai a haɗe, kowace tana fitar da wani farin dutse tana zama a kansa. Idan suka mutu dutsen ya saura, na baya su ɗora gini a kai, har a wayi gari an sami tsauni a cikin ruwa. Mafi girman irin wannan gini yana gabashin Ostareliya, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 2,300. Tsaunukan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi 25 cikin 100 na nau'o'in halittun teku a cikinsu suke samun abinci ko mafaka, kuma miliyoyin masunta da su suka dogara.

Rayuwar murjani ta rataya ne a kan wani zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. A cikin jikinsa akwai wata ƙaramar gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke haɗa abinci da hasken rana ta ciyar da shi, ta kuma ba shi launi. Idan zafin ruwa ya haura abin da aka saba da digiri 1 kacal, ya kuma daɗe 'yan makonni a haka, sai zaman ya ɓaci, murjani ya kori baƙuwarsa, ya koɗe ya yi fari fat. Idan ruwan bai huce da wuri ba, yunwa ta kashe shi. An ga irin wannan koɗewa a faɗin duniya a 1998, aka sake gani a 2010, sannan daga 2014 zuwa 2017, kuma a watan Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar da cewa an shiga karo na huɗu. A watan Nuwamban wannan shekarar ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta bayyana cewa kashi 44 cikin 100 na nau'o'in murjani masu gina tsauni a ruwan ɗumi suna fuskantar barazanar ƙarewa.

Ɓangaren da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na haihuwa. Murjani na yaɗuwa ta hanya biyu. Ta farko, a wasu 'yan darare na shekara bayan cikar wata, sukan saki ƙwai da maniyyi cikin ruwa, na wannan ya haɗu da na wancan, a sami ɗa mai gadon gida biyu, wanda bai yi daidai da uwa ko uba ba. Ta biyu, guguwa ta karya reshe, ya faɗi gefe ya kafu ya girma. Wannan reshe ba ɗa ba ne, jikin uwar ne ya rabu biyu, kamar yadda ake dasa karan rogo ko gaɓar rake. Duk abin da ke cikin ƙwayoyin gadon uwar yana cikinsa, ƙarfinta da rauninta.

A tekun Karibiyan akwai wasu nau'o'i biyu na murjanin da masana ke kira Akrofora, ɗaya mai siraran rassa kamar ƙahon barewa, ɗaya mai faffaɗan rassa kamar tafin hannu. Su ne ginshiƙan tsaunukan yankin. Daga ƙarshen shekarun 1970 wata cuta mai zagaye reshe da farin zobe, tana cin namansa daga gindi zuwa sama, ta faɗa musu, har a wurare da yawa fiye da kashi 90 cikin 100 suka salwanta. A 2006 gwamnatin Amurka ta sanya su cikin jerin halittun da doka ke karewa. Da masana suka shiga binciken ƙwayoyin gadon waɗanda suka rage, sai suka gano abu biyu. Na farko, a wasu wurare a gaɓar Fulorida, tsaunin da ido ke gani cike da ɗaruruwan rassa ashe tushensa ɗaya ne ko 'yan kaɗan, sauran duk karyayyun rassa ne da suka kafu. Na biyu, a wani gwaji da aka yi a Fanama aka wallafa a 2008, an jarraba tushe 49 daban-daban na mai ƙahon barewa da wannan cuta, aka tarar guda 3 ba ta kama su. Uku cikin arba'in da tara ba yawa ba ne, amma a kansu fatan nau'in ya rataya. Tsaunin da tushensa ɗaya ne, in cutar ta san makamarsa, ta gama da shi gaba ɗaya. Wanda tushensa hamsin ne, da wuya a rasa mai tsira a ciki.

Haka abin yake game da zafi. Murjanin Tekun Fasha yana jure ruwan bazara da ke kai digiri 34 zuwa 35, zafin da zai hallaka danginsa na wasu tekuna. Wannan juriya tana cikin gadonsa, kuma ta samu ne saboda a cikin kakanninsa an sami mabambanta, zafi ya tace, masu jurewa suka haihu. Sai dai kada mu ɗora wa bambancin gado abin da ya fi ƙarfinsa. A bazarar 2023 ruwan kudancin Fulorida ya yi zafin da ba a taɓa aunawa ba, kusan dukkan Akroforan da ke can suka mutu, har da waɗanda masana suka shafe shekaru suna reno suna dasawa. Abin da ya rage na wasu tushen shi ne rassan da aka kwashe aka ajiye a tankuna a tudu. Wato bambanci yana ba halitta damar tsira, ajiya kuma tana ba ta damar dawowa idan masifa ta wuce misali.

To, mu dawo gida. Mu ba mu da teku, amma muna da shaidar cewa iri yakan ɓace daga ƙasa a bar hotonsa kawai. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zane-zanen mutanen dā waɗanda masana suka fara rubutu a kansu a shekarun 1950, cikinsu har da Bernard Fagg na gidan tarihi na Jos. Mafi yawan zanen na shanu ne, kuma shanun ba su da tozo: wasu masu dogon ƙaho, wasu masu gajere. Duk wanda ya zagaya rugagen kudancin Jigawa a yau, bunaji da rahaji zai gani, masu tozo. Waɗancan sun tafi. Danginsu masu gajeren ƙaho, wato muturu, sun saura a kudancin ƙasar nan da wasu 'yan wurare, kuma an san su da jure sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa, wadda ke kayar da shanunmu masu tozo. Shanu masu tozo sun maye gurbinsu ne da dalili, domin sun fi dacewa da doguwar tafiya da busasshiyar ƙasa. Amma baiwar da ta tafi tare da waɗancan, babu kuɗin da zai dawo mana da ita a wannan yanki.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na gyaɗa. Dattawa na tuna zamanin dalar gyaɗa a Kano, lokacin da ƙasar Jigawa ta yau take cikin lardin Kano tana tura buhuna. A 1975 cutar rozet, wadda wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai tsotson ganye ke yaɗawa, ta mamaye gonakin Arewa. Gyaɗa ta tsuke, ta kuturce, ta ƙi 'ya'ya. An ƙiyasta cewa kimanin hekta 700,000 ta lalace, asarar ta kai wajen dalar Amurka miliyan 250. Akwai wasu dalilan da suka rushe dalar gyaɗa, kamar farin farkon shekarun 1970 da karkatar hankalin hukuma zuwa man fetur, amma wannan annoba ta karya zuciyar manoma da yawa. Abin lura shi ne inda maganin ya fito. Juriyar cutar an samo ta ne tun shekarun 1950 a cikin gyaɗar gargajiya ta manoman kan iyakar Burkina Faso da Kwaddibuwa. Da ire-iren wannan gado ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da cibiyar ICRISAT suka yi aiki har aka fitar da gyaɗar SAMNUT masu jure cutar da manoma ke shukawa yanzu.

Labarin wake ma haka yake. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ya daɗe yana shanye wake a gonakin jigawa. Juriyar da masanan cibiyar IITA a Kano suka yi amfani da ita wajen fitar da wake mai gagarar ƙuduji ta fito ne daga wani waken gargajiya na ƙasar Botsuwana, mai lamba B301. Geron SOSAT da ya karɓu a Jigawa saboda saurin nuna, an haɗa shi ne daga geron gargajiya na manoman Mali. Ashe duk ingantaccen irin da malamin gona ke kawowa, jikan wani tsohon iri ne da wani talaka ya riƙe a rumbunsa. Masani ba ya ƙirƙirar juriya daga babu, nemo ta yake yi a inda take ya haɗa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai wani bincike daga maƙwabtanmu na Nijar da nake yawan karantar da ɗalibaina. A 1976 masana sun tattara geron manoma daga ƙauyuka da dama na ƙasar suka ajiye. A 2003 aka koma waɗannan ƙauyuka aka sake tattarawa, sannan aka shuka tsohon da sabon gefe da gefe. Tsakanin shekarun biyu an sha fari mai tsanani, musamman na 1984. Sakamakon da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa manoma na nan da yawancin irinsu na gado da sunayensu, amma geron 2003 ya fi na 1976 saurin fitar da kai. Babu wanda ya kawo musu wannan sauyi a buhu. Gero shuka ce da iska ke ɗaukar garin furenta daga wannan kai zuwa wancan, saboda haka gona ɗaya cike take da mabambanta. Da damina ta gajarta, masu saurin nuna ne suka cika, su ne manomi ya zaɓa ya ɗaure daminsu na iri, shekara bayan shekara. Abin da zafi ya yi wa murjanin Tekun Fasha, shi fari ya yi wa geron Nijar da taimakon hannun manomi. Gero ya shafe kimanin shekara 4,500 a hannun mutanen Sahel, kamar yadda shaidar da aka tono a kwarin Tilemsi na Mali ta nuna, kuma wannan tacewa ce ta riƙe shi har yau.

Yanzu mu dubi gonar Gwaram. Ƙasa ce da ta haɗa tudu da fadama, ga duwatsu ta ɓangaren Fagam da Farin Dutse, ga kogin Bunga da ke ba da ruwa yana kuma kawo ambaliya. Manomin da ya gaji noma a irin wannan wuri ba ya zuba dukkan fatansa a kan abu ɗaya. Yana da gero mai zuwa da wuri ya kashe yunwar tsakiyar damina, yana da maiwa mai jiran ƙarshenta. A dawa yana da kaura da farfara, ga takanda ta sha, ga karan dafi na rini. A wake akwai mai saurin nuna, akwai kuma irin kanannado mai yaɗo da jinkiri, wanda harawarsa ke ciyar da dabbobi da rani. Idan ruwa ya yanke da wuri wani ya tsira, idan ya yi yawa wani ya tsira. Wannan tsari inshora ne da kakanninmu suka ƙago tun ba a san banki ba.

Tsoron da nake ji shi ne yadda wannan dukiya ke tsukewa ba tare da an lura ba, domin gona kore take ko da iri ɗaya ne a cikinta. Hanyoyin tsukewar sanannu ne. Ɗan kasuwar da ke sayen hatsi a kasuwar Sara don lodin mota yana son buhu mai ƙwaya iri ɗaya, launi ɗaya, saboda haka abin da ya bambanta sai ya faɗi a farashi. Shirye-shiryen tallafi kan raba iri ɗaya ko biyu ga dubban manoma a lokaci guda. Ambaliya irin ta 2022, wadda ta yi wa Jigawa mummunar ɓarna, takan tafi da gona da rumbu tare, kuma wanda ya rasa irinsa abin da ya samu a kasuwa shi zai shuka. Yunwa kan tilasta wa magidanci ya sussuke damin iri ya ci. Sannan dattijon da ya san wace dawa ce ke jure kwanciyar ruwa, wace ce tsuntsu ba ya so, idan ya rasu 'ya'yansa suna birni, ilimin ya bi shi kabari. A kowace shekara nakan tambayi ɗaliban da suka fito daga gidajen noma su lissafa mini sunayen dawar da kakanninsu ke shukawa. Kaɗan ne ke wuce uku.

Dabino ma ya cancanci a ambace shi, tunda Dutse na da tashar binciken dabino ta cibiyar NIFOR, kuma ana ta ƙarfafa dasa shi a jihar. Dabinon da aka shuka daga ƙwallo kowanne daban yake. Wanda aka cire daga gindin uwa aka dasa, ko aka yaɗa a ɗakin gwaji, kwafin uwar ne, daidai da karyayyen reshen murjani. Hakan na da amfani, domin mai gona ya san irin 'ya'yan da zai samu. Amma Maroko ta ɗanɗana kuɗarta: cutar bayud mai shiga ta saiwa ta kashe dabino fiye da miliyan 10 a cikin kimanin ƙarni ɗaya, kuma irin da suka fi daraja a kasuwa na cikin waɗanda ta fi kamawa. Duk wanda zai cika hekta ɗari da dabino mai tushe ɗaya, ya kamata ya san wannan tarihi. Ƙasar Ailan ta dogara da dankali kusan iri ɗaya, cuta ta faɗa masa a 1845, mutum kimanin miliyan 1 suka mutu da yunwa. Amurka ma, da duk iliminta, ta rasa kusan kashi 15 cikin 100 na masararta a 1970 saboda yawancin irin da aka shuka sun yi tarayya a rauni ɗaya.

Na san wani zai ce: Malam, kai kana karɓar albashi, shi kuwa manomi buhu yake ƙirgawa, in sabon iri ya ninka masa amfani don me zai riƙe tsoho? Maganarsa gaskiya ce, kuma ba na cikin masu kiran a juya wa ingantaccen iri baya. Jama'a na ƙaruwa, gonaki na ƙanƙancewa wajen rabon gado, damina ta zama marar tabbas. Gero mai nuna da wuri ya ceci gidaje da yawa. Zalunci ne a ce talaka shi kaɗai zai ɗauki nauyin adana dukiyar da amfaninta na kowa ne. Abin da nake cewa shi ne nauyin ya koma kan waɗanda ke da ikon ɗaukarsa.

Wani zai ƙara da cewa ai akwai rumbunan adana iri na zamani. Akwai su. Cibiyar IITA a Ibadan na riƙe da samfurin wake fiye da 15,000, akwai cibiyar ƙasa ta NACGRAB a can Ibadan, kuma tun 2008 aka buɗe babban rumbun duniya a tsibirin Sibalbad na ƙasar Nowe, a cikin dutse mai ƙanƙara. Amfaninsa ya bayyana a 2015, lokacin da yaƙin Siriya ya raba masana da rumbunsu na Halab, suka je can suka karɓo ajiyarsu. Sai dai irin da ke kwance cikin sanyi yana nan yadda aka sa shi, ba ya koyon sabon yanayi. Wanda ake shukawa kowace damina shi ke tafiya da zamani, kamar yadda geron Nijar ya nuna. Ana buƙatar biyun.

Saboda haka ga abin da nake ganin za a iya yi ba tare da jiran kuɗin ƙasashen waje ba. Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa su mai da tattara irin gargajiya aikin kammala karatu na ɗaliban noma da kimiyyar halittu: kowane ɗalibi ya ɗauki mazaɓa guda, ko Basirka ko Kila ko Maruta ko Zandam, ya rubuta sunan kowane iri, da halinsa a bakin masu shi, ya kawo samfuri. A tambayi mata musamman, domin irin kuɓewa da yakuwa da rama da riɗi da gurjiya a ƙullin tsummansu da tukwanensu yake, kuma su suka san wanda ke yin tuwo mai kwana. Hukumar JARDA, duk lokacin da za ta raba iri, ta raba fiye da ɗaya, ta kuma kafa ƙananan rumbunan iri na gari a kan tudu inda ambaliya ba ta kaiwa, manomi ya ara da damina ya mayar da kaka. Hakimai da dagatai a masarautar Dutse su ware rana bayan girbi ta baje kolin iri da musayarsa, a karrama wanda ya fi kowa riƙe na gado. Shi kuma manomi, in ya shuka sabon iri a gonarsa, ya bar 'yan kunyoyi a gefe ga na mahaifinsa. Kunya biyar ba za ta talauta shi ba.

Masanan murjani a yau suna nutso suna ƙirga tushe ɗaya bayan ɗaya, suna daskarar da maniyyinsa, suna kashe maƙudan kuɗi don ceto abin da ya rage, domin sun farga bayan yawancinsa ya tafi. Mu namu yana nan tukuna a rumbuna da tukwane, kuma tattara shi bai wuce aikin littafin rubutu da 'yan buhuna da ladabin zama gaban dattawa ba. Ba mu san cutar da za ta zo nan da shekara ashirin ba, ba mu kuma san a cikin wace zangarniya maganinta yake ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.